Wasiƙa daga Liyon zuwa Garwa: yadda ake jinya a nan

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya sa kaffara ne. Ka ce in faɗa maka gaskiyar yadda ake jinya a Faransa, tunda Kawu ya dage cewa da a nan take da tuni ta miƙe. Na rubuta a fili ne don sauran dangi da 'yan Garwa masu yi mini irin wannan tambaya su ma su karanta.

Ta fuskar kuɗi, babu gardama sun fi mu. Duk mai zama a ƙasar bisa ƙa'ida yana da koren kati da ake kira Carte Vitale. Ganin likitan unguwa yuro 30 ne tun Disambar 2024, kusan sefa dubu ashirin ke nan. Asusun lafiya na gwamnati, wanda tushensa ya faro tun 1945, yana mayar maka da kashi 70 cikin 100, amma a cire yuro 2 a ciki, inshorar ƙari da suke ce wa mutuwel ta cike sauran kashi 30 ɗin. Kada Kawu ya ce kyauta ne, kowane wata sai an yanka a albashina kafin ya iso hannuna. Idan ciwo ya taso da dare lamba 15 ake bugawa. Ba a miƙa maka takardar magani a ce ruga farmasi ka sayo safar hannu da auduga da ruwan ƙari kafin a taɓa mara lafiya. Na san mu ma an motsa. Ga takardar sefa 6,000 ta mata masu ciki da aka fara da yankunanmu na arewa, ga shirin inshorar kowa da kowa da Kamaru ta ƙaddamar a 2023. Amma tsohuwar da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, har yau aljihun 'ya'yanta ne inshorarta.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne ɗakin kwanciya. Babu tabarma a baranda, babu kular abinci, babu mai dama kunu da asuba. Ma'aikata ne ke wanka da ciyarwa da sauya zanin gado. Dangi su leƙo da rana a lokacin da aka yanka musu, su zauna kaɗan, su tafi. Sannan likita ba ya jan babban ɗa gefe ya gaya masa abin da ya gani, kamar yadda aka yi da kai. Mara lafiya ake faɗa wa ido da ido. Tun dokar 2002, shi ne zai rubuta sunan amintaccensa guda ɗaya, ko miji, ko 'ya, ko maƙwabci, wanda za a nemi ra'ayinsa idan bakinsa ya rufe. Wannan tsari ya rufa wa mata da yawa asiri, musamman mai ciwon da ba ta son kishiya ko uwar miji ta ji. Sai dai na sha ganin tsoho an gaya masa mummunan labari shi kaɗai, ya koma gida babu ko mai ce masa sannu.

Shawara ma saye ake yi. Mu idan miji da mata suka saɓa, akwai Gwaggo, akwai waliyyi, akwai liman, in ta ƙi a dangana da fadar Lamiɗo. Nan sai ka nemi rana wurin masanin halayyar ɗan Adam. Akwai shirin gwamnati da ya ƙayyade zama ɗaya a kan yuro 50, har sau 12 a shekara, kuma inshora ke ɗauka. Da fari raina abin na yi, wai mutum ya biya baƙo don ya saurare shi. Yanzu ina ganin amfaninsa ga mai jegon da ke kwana kuka, irin wadda mu za mu ce iska ce ko sakarci. Shi baƙon ba ya kai maganarki gidan biki. Gwaggo kuwa ba ta karɓar ko dala, tana zuwa ko da tsakar dare ne, amma rabin maganinta «yi haƙuri» ne, kafin Juma'a kuma unguwa ta ji. Duk da haka mai haihuwa a nan tana ba ni tausayi. Ungozoma za ta biyo ta gida ta duba ta da jaririn, amma babu mai dafa ruwan wanka, babu kunun kanwa, babu tafiya gida har a yi arba'in.

Sai batun tsofaffi, wanda shi ne sana'ata. Gida-gida nake bi, in yi wa tsohuwa wanka, in dafa mata, in tabbatar ta sha magani, in rubuta lokacin da na shiga da na fita. Da yawa cikin masu wannan aiki matan Afirka ne irina. Idan jiki ya ƙi, sai gidan tsofaffi, wanda a wata yakan ci wajen yuro 2,000, sama da sefa miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. A watan Agustan 2003 zafi ya kashe mutum wajen 15,000 a ƙasar nan, akasari tsofaffi, har aka samu gawarwaki a Paris da babu wanda ya zo nema, hukuma ce ta binne su. Zafin nan bai fi wanda muke sha a Garwa duk watan Afrilu ba, amma tsohuwarmu tana ƙarƙashin darbejiya, jika na miƙa mata ruwan randa. Kada dai a ɗauka marasa imani ne. Doka ta wajabta wa 'ya'ya ɗaukar nauyin iyayen da suka gaza, kuma na san masu tuƙa mota daga wani gari duk Lahadi don su ci abinci da mahaifiyarsu. Aiki ne ya warwatsa su, gidajen kuma ƙanana.

To Yaya, ga inda nake son ka tsaya ka ji ni. Abin da ake biyana a kai bisa awa, shi ne Anti take yi wa Inna dare da rana: ɗagawa, juyawa, wankin zani, ba da abinci a baki. Ta ajiye ɗinkinta, ta fita daga adashi. Idan an zauna lissafi muna ƙirga magani da gashin ƙashi da kuɗin mota, ba mu taɓa ƙirga ta ba, kuma mu ne masu alfahari da cewa ba ma yar da iyaye. A nan tun 2020 wanda ya ɗauki hutu a wurin aiki don jinyar nasa ana ba shi ɗan alawus na kowace rana. Bai taka kara ya karya ba, amma an yarda aiki ne.

Kawo Inna nan ba zai yiwu ba. Mai bizar ziyara ba shi da katin, komai daga aljihu zai biya, kuma za ta wuni ita kaɗai a bene ina wurin tsofaffin wasu. Abin da zan turo ta Orange Money ƙarshen wata ka raba shi uku: magani, mai zuwa gida ya motsa mata hannu da ƙafa, kaso na uku kuma na Anti ne, a hannunta za ka sa. Ka kuma tara su Auta a yi rabon kwana, ko dare biyu ne a mako ta samu ta yi barci. Idan Kawu ya ce ba a biyan ɗan'uwa kuɗin jinya, ka ba shi lambata. A gaida Inna da jiki, a ce ina neman addu'arta.