Na'urar awon jini ta Omron M2 Basic ga mai juna biyun da aka ba hutun gado

Matar da likita ya ce ta kwanta a gida saboda jininta ya hau bayan mako 20 na ciki tana bukatar na'urar awo a kusa da ita, domin jinin da aka samu daidai ranar awon ciki yana iya tashi kafin mako ya zagayo. Omron M2 Basic ta dace da wannan aiki. A damtse ake ɗaura ta, maɓalli ɗaya ake dannawa, batir huɗu take ci, don haka ɗauke wuta bai shafe ta ba. Ta fi masu ɗaurawa a wuyan hannu, waɗanda lambarsu ke sauyawa da ɗan motsi.

Babban aibinta madauri ne. Wanda ke cikin kwalin na damtse mai kaurin santimita 22 zuwa 32 ne, alhali mata da dama sukan wuce haka a watannin ƙarshe, musamman idan akwai kumburi. Madaurin da ya yi kaɗan yana ƙara lamba, sai hankali ya tashi a banza. A auna tsakiyar damtse da tef ɗin tela kafin a biya kuɗi. Idan ya haura 32, a nemi babban madauri, ana sayar da shi daban.

Kuskuren da ya fi damun mu shi ne awo a kwance. Ana ce wa mai ciki ta kwanta a gefen hagu, sai a ɗaura madauri a hannun dama da ke sama. Hannun ya fi zuciya tsawo, kuma kowane santimita 10 na rage kusan maki 8. Jinin da ya kai matakin haɗari sai ya fito kamar lafiya lau. Ta tashi zaune, ta jingina bayanta, ƙafa a ƙasa, ta huta minti 5. A ɗora hannun a kan matashi daidai ƙirji, madaurin yatsa biyu sama da gwiwar hannu, a kan fata ba kan riga ba, kuma ban da magana. A auna sau biyu, minti 1 tsakani. Na'urar ba ta ajiye dogon tarihi, saboda haka a rubuta lamba da lokaci a littafi a kai wa likita.

Idan na'urar ta nuna 140/90 ko sama, a kira asibiti a ranar. Idan ta kai 160/110, a tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Irin waɗannan na'urori sukan nuna ƙasa da gaskiya idan cutar da ke kai ga taune-taune ta kama, kuma ba sa gwajin fitsari. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska ko raguwar motsin jariri sun isa dalilin tafiya asibiti ko lamba ta yi kyau. Kada a rage maganin hawan jini irin su methyldopa ko nifedipine don an ga jini ya sauka.

Ranar awon ciki a tafi da na'urar, a roƙi ungozoma ta kwatanta ta da ta asibiti a hannu ɗaya. A saya a babban kantin magani mai rajista, domin akwai jabu a kasuwa.