RAV4 ko CR-V: amsa ga ɗan'uwan da ke neman ƙaramar jif ta iyali

Assalamu alaikum. Malam, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa, domin magana ce ta kuɗin da mutum ya daɗe yana tarawa. Ka ce kana zaune a Kano da maiɗakinka da yara uku, Corolla ta yi muku kaɗan, kuma wata-wata kana zuwa gida gaida Hajiya, inda kwalta ke ƙarewa a shiga burji. Kuɗin hannunka zai kai ko dai Toyota RAV4 ta 2013 zuwa 2015, ko Honda CR-V ta 2012 zuwa 2014, duka tokumbo daga Amurka. Ni CR-V ta 2013 nake hawa shekara da shekaru, yayana kuma RAV4 ta 2014 gare shi, na sha tuƙa ta zuwa Kaduna da dawowa. Abin da na gani a jikinsu zan faɗa maka.

Bari in fara da abin da dillali ba zai gaya maka ba: waɗannan motoci siffar jif gare su, amma tsayinsu daga ƙasa bai kai yadda ido ke gani ba. RAV4 ta waɗannan shekaru kusan santimita 16 ce tsakanin cikinta da ƙasa. CR-V ma haka, sai dai mai ja da ƙafa huɗu ta kai wajen 17. Tsohuwar RAV4 ta 2006 zuwa 2012, mai safaya a maƙale a ƙofar baya, ta fi su tsayi, ta kai kusan 19. Don haka idan hanyar garinku irin wadda manyan motocin ɗaukar amfanin gona suka yi wa kwari biyu ce da tudu a tsakiya, duk wadda ka saya sai ka lallaɓa. Sun fi Corolla, babu shakka, musamman wajen hawa tudun rage gudu da ratsa ruwan da ke kwanciya a unguwa da damina. Amma ba Hilux ba ne, kada ka ɗora musu aikinta.

A wajen inji kusan kunnen doki suke. RAV4 tana da mai lita 2.5, ƙarfin doki 176. CR-V tana da mai lita 2.4, ƙarfin doki 185. Dukansu silinda huɗu ne, dukansu kaca ce ke juya taimin ɗinsu, ba bel ba, saboda haka babu fargabar tsinkewar bel a tsakiyar daji. Shan mai ma kusan ɗaya: a takarda wajen kilomita 11 a lita idan an haɗa gari da babbar hanya. A cunkoson Kano da rana tsaka, esi a kunne, ba za ka ga haka ba, ƙasa za ka gani a kowacce. Tankin RAV4 lita 60, na CR-V 58. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya koma lissafin lita, na sani, amma a nan ba za ka samu abin da zai raba maka gardama ba.

Inda suka rabu na farko shi ne giya, kuma a nan nake so ka buɗe kunne. RAV4 daga 2013 tana da giya shida mai canza kanta. CR-V ta 2012 zuwa 2014 giya biyar gare ta. A kan hanyar Zariya za ka ji bambancin: RAV4 tana sakin jiki da wuri, injin ya yi ƙasa da murya. Amma giya biyar ɗin Honda tsohon hannu ce, kanikawanmu sun san cikinta, kuma tana da juriya matuƙar an ba ta man da ya dace da ita. Ita kuwa RAV4 ta 2013 zuwa 2015 an san wasu daga cikinsu da wata 'yar karkarwa idan kana tafiya tsakanin kilomita 40 zuwa 80 ka ɗan taka totur a hankali, kamar ka hau kan gargada alhali kwaltar sumul take. Matsalar daga cikin giyar take, har kamfanin Toyota ya tsawaita garanti a kanta a can Amurka. Ba dukansu ke yi ba. Ta yayana ba ta yi. Amma ranar gwaji kada ka tsaya kan zagaya layi ɗaya, ka fita da ita titin da za ka riƙe wannan gudun na 'yan mintuna, ka kashe rediyo, ka saurara.

Daga 2015 Honda ta canja wa CR-V giya zuwa wadda ake kira CVT, mai aiki da ɗamarar ƙarfe maimakon haƙora, daga 2017 kuma mafi yawansu suka koma ƙaramin inji mai lita 1.5 da na'urar ƙara ƙarfi ta turbo. Motoci ne masu kyau a hannun wanda ke da ƙwararren bakanike da man giya na asali. Kai da kake shiga ƙauye duk wata, ba zan ba ka shawararsu ba. Idan dillali ya ce ka ƙara kaɗan ka ɗauki ta 2015 don fitilunta sun fi kyau, ka gode masa ka tsaya a 2014.

Yanzu mu shiga ciki, inda iyali za su zauna, don nan ne ainihin tambayarka. CR-V ta fi mini daɗi a nan, kuma ba don tawa ce ba. Sandar giyarta a jikin dashbod take, sai tsakiyar gaba ya samu sarari, maiɗakina takan ajiye jakarta da fulas ɗin shayi ba tare da sun tokare ni ba. Daɓen baya shimfiɗe yake, wanda ya zauna a tsakiya yana da wurin miƙe ƙafa. Ƙofofin baya suna buɗewa sosai. Na fi ganin amfanin wannan ranar da zan kai mahaifiyata asibiti tana fama da ciwon gwiwa: ta juya baya ta zauna a bakin kujera, na ɗaga mata ƙafafu ɗaya bayan ɗaya na shigar, ba ta sunkuya ba kamar a ƙaramar mota, ba ta kuma yi hawan tsani ba kamar a babbar jif. Tun daga ranar, idan za a je da ita wani wuri sai ta ce a zo da “waccan mai sauƙin shiga”. But ɗinta ma yana da ƙasa, ɗora buhun shinkafa ba ya karya ƙugu, kuma akwai wani hannu a gefen but da za ka ja sau ɗaya kujerar baya ta naɗe kanta.

RAV4 tana da nata. But ɗinta ya ɗan fi girma, kuma jinginar kujerun baya tana kwantawa baya sosai, yara su yi barcinsu a doguwar tafiya. Sai dai ƙafarta ta fi tauri. A kan burji mai kunya-kunya na baya suna jin kowane rami, musamman samfurin Limited mai ƙafa inci 18 da siririyar taya. Idan RAV4 ce ka zaɓa, nemi LE ko XLE mai taya 225/65 R17, irin wadda ke jikin CR-V EX. Ta fi taushi, ta fi araha, kuma duk inda ka shiga za ka same ta.

Akwai rashi guda da suka yi tarayya a kai: samfurin Amurka na waɗannan shekaru ba su da hancin esi a tsakiyar kujerun baya. A zafin watan Afrilu sai na gaba sun ji sanyi kafin ya kai ga yara. Ka gwada esin da rana, mota a tsaye, kai kuma kana zaune a baya. Kuma safayar kowacce 'yar ƙarama ce ta lallaɓawa zuwa wurin mai faci, tana ƙarƙashin daɓen but. Mai zuwa ƙauye ya kamata ya nemi cikakkiyar taya ya riƙa jefawa a baya ranar tafiya.

Wata magana kuma da ta tsaya mini a rai tun da na karanta tambayarka. Ku biyar ne, kujeru biyar ne. Ranar da Hajiya za ta biyo ku kun zama shida, kuma abin da muka saba yi shi ne uwa ta rungume ƙarami a kujerar gaba. Don Allah kada a yi haka. Jakar iskar da ke gaba tana fashewa da ƙarfin da babba ma sai ya ji a jikinsa, balle jariri. Dukansu suna da maƙalan kujerar yara a baya, a yi amfani da su. Idan kuwa tafiya da Hajiya abu ne na yau da kullum, to waɗannan biyun ba su ne naka ba, ka duba masu layin kujeru uku irin su Highlander ko Pilot ko Sienna. Wasu tsofaffin RAV4 na 2006 zuwa 2012 suna da layi na uku, amma ƙanana ne ƙwarai, kuma na 2006 zuwa 2008 masu inji 2.4 an san su da shan baƙin mai.

Da yake mun taɓo tsaro: a gwajin karo na gefen gaba da cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ke yi, RAV4 ta 2013 da 2014 ta samu mafi ƙarancin sakamako, sai a ta 2015 aka gyara. CR-V ta 2012 zuwa 2014 ta ɗara ta da mataki ɗaya kawai, ita ma sai a 2015 ta samu mai kyau. Wannan shi ne irin karon da ake yi idan mota ta tsere wa rami ta gogi mai zuwa ta gefen direba, abin da muke gani a hanyoyinmu masu hannu ɗaya. Shi ya sa idan RAV4 ce, ta 2015 ta fi mini sauran.

Sai maganar gyara. A Kano ba ka da matsalar kayan ko wacce, Ƙofar Ruwa cike take da su, a Kaduna ga Panteka, kuma mu a Arewa mun daɗe da sanin Honda. Amma Toyota ta fi haƙuri da ganganci. Honda tana da sharaɗi: man giyarta DW-1 ne, ba kowane jan mai ba, kuma mai ja da ƙafa huɗu tana da man da aka yi musamman don akwatin ƙafar baya. Na taɓa kai tawa juye wani gareji ina sauri, yaron ya ɗura mata man giya na gama-gari a can baya ba tare da ya tambaye ni ba. Bayan kwana uku, duk sa'ad da na karya sitiyari zan shiga gida sai in ji gurnani daga baya kamar ana jan turmi a kan siminti. Hankalina ya tashi, na ɗauka akwatin ne ya tafi. Sai da aka zubar aka wanke aka sa na asali har sau biyu kafin ta yi shiru. Tun daga nan ni nake sayo maina da kaina, kuma ina tsaye ake ɗurawa. Ita ma Toyota tana da nata man giyar, WS, kuma dukansu baƙin mai mara kauri suke so, 0W-20, ba mai kaurin da ake zuba wa tsofaffin motocin haya ba.

Akwai kuma ƙarar da CR-V ta waɗannan shekaru kan yi da sassafe. Ka tayar da ita bayan ta kwana, sai ka ji “ƙarrr” na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ta lafa. Wani ƙarfe ne a kan injin da ke daidaita buɗewar bawul, ana canja shi. Shi ya sa nake so ka je wurin dillali da safe kafin a ɗumama ta, ka taɓa bonet ka ji sanyi, sannan a tayar a gabanka. Idan ta yi ƙarar, ba dalilin fasawa ba ne, dalilin rage kuɗi ne.

Batun ja da ƙafa huɗu, idan yashi ko taɓo ne ke tare ka a hanyar gida, RAV4 ta fi: tana da maɓallin da za ka danna ya kulle ƙafafun gaba da na baya su ja tare har zuwa gudun kilomita 40. CR-V ita ke yanke wa kanta shawara, ba ta ba ka maɓalli. Idan kuwa burjin busasshe ne, mai ja da gaba kawai ta ishe ka, ta fi sauƙin mai da sauƙin gyara.

A kasuwa RAV4 ta fi CR-V ta shekara ɗaya tsada, kuma ranar sayarwa ta fi saurin fita. Wanda ke canja mota duk bayan shekara biyu, Toyota ce tasa. Kai kuwa daga yadda ka yi bayani, mota kake nema da yara za su girma a cikinta. Saboda haka da ni ne kai, CR-V EX ta 2013 ko 2014 zan ɗauka, rarar kuɗin in sa sababbin tayoyi huɗu, in canja duk mayukan jikinta, in sayi kujerar ƙaramar yarinya. Zan koma RAV4 ne a hali biyu kawai: idan hanyar garinku mai yashi ce, ko kuma na samu ta 2015 mai tsabta wadda ba ta karkarwa.

Kafin ka biya, ka kwafi lambar shasi, haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ka sa a duba tarihinta a Carfax, shafin intanet da ke ajiye tarihin motocin Amurka. Da yawan motocin nan daga gwanjon waɗanda suka yi haɗari ko ruwa ya ci ake sayo su. Ɗaga kafet ɗin but ka sunsuna, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai zanen laka, ka leƙa ƙarfen ƙarƙashin kujerar direba ko ya yi tsatsa. Ka murza makulli ka tabbatar fitilar jakar iska ta kama sannan ta mutu da kanta, domin wasu cire ƙwan suke yi. Takardun kwastam kuma lambar shasin da ke jikinsu ta zama ita ce ta jikin motar, harafi da harafi. Ka tafi da bakaniken da kai ka ɗauko, ba wanda dillali ya kira ba. Idan ka samu guda biyu ko uku da suka kwanta maka, turo mini shekara da lambar shasin kowacce mu duba tare. Allah ya sa a sayi alheri, ya tsare hanya.