Sashen bakwaini na asibitin da muka yi jinya: sun iya aiki amma fa a shirya aljihu

Ba zan kama sunan asibitin ba tunda akwai ƙorafi a maganata, na kuɗi ne dai a nan Kano, kuma a nan aka kwantar da jaririyar ƙanwata da ta zo a sati 30 da nauyin kilo 1.3, ni na zauna da su tunda ita uwar tiyata aka yi mata.

Abin da ya sa nake yaba musu guda ɗaya ne babba: ba su bar yarinyar da ruwan siga zalla ba. Wurare da yawa in an sa bakwaini a kwalba sai a maƙala masa dirif na dextrose kawai a ce ana jira ya yi ƙwari, to ruwan siga yana hana sigan jini faɗuwa ne amma ba ya gina tsoka ko ƙwaƙwalwa. Su nan tun ranar farko suka zura siririn bututu ta jijiyar cibiya suka haɗa mata da amino acid, wato sinadarin gina jiki, daga baya suka ƙara wani ruwan mai fari kamar madara. Likitar ta zaunar da ni ta ce Hajiya ki gane, a watannin ƙarshe mahaifa ce ke ba jariri waɗannan abubuwan dare da rana, in an yanke cibiya aka bar shi kwanaki ba komai jikinsa zai koma cin kansa, kuma jariri ba ya iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi sai wajen sati 34 da ɗaukar cikinsa. Wallahi bayanin nan kaɗai ya kwantar min da hankali.

Kuma duk da dirif ɗin ba su raina nono ba. Dakashin nan da wasu tsofaffinmu ke cewa a matse a zubar, shi nas take karɓa a sirinji, mil 1 kacal, ta tura ta bututun hanci a hankali don hanji ya fara sabawa, suka ce nonon uwa na rage haɗarin ciwon hanjin nan mai kashe bakwaini. Kullum da safe a ɗora ta a sikeli a rubuta a kati. Satin farko nauyin ya ragu, uwar ta yi ta kuka, suka ce haka yake ga kowane jariri, wajen sati 2 ta dawo nauyin haihuwa sannan ta fara hawa, wai abin da ake nema kamar giram 15 ne a kan kowane kilo a rana. Nono na ƙaruwa dirif na raguwa har aka cire bututun cibiyar, don in ya daɗe ƙwayar cuta na iya bi ta nan ta shiga jini. Wankin hannu kuwa ba sani ba sabo, ko kaka ce ta zo sai ta tsaya a waje.

To yanzu ƙorafin. Amino acid ɗin ba kullum suke da shi a famasinsu ba, da daddare sai a miƙo takarda a ce a nemo, mijin ƙanwata ya yi ta zaga kemis kemis, ga tsada, ga shi kwalba guda jaririyar kaɗan take sha a zubar da saura. Bil ma ba sa warware shi, dunƙule kawai za a ba ka sai ka matsa. Nas ɗin dare wasu kirki wasu kuma in ka yi tambaya kamar ka zage su. Wajen zaman masu jinya kam babu, benci ne da sauro. Wuta dai ban taɓa ganin kwalba ta mutu ba, da sola da janareta.

Da ta ɗan yi ƙwari suka koya wa uwar goyon kangaru, a sa ta a ƙirji fata da fata a ɗaure da zani, nan ne ma nauyin ya fi tafiya. Ranar sallama sun ce lallai a duba mata ido saboda ta sha oksijin, sai dai ba su da likitan, wani wajen muka nema da kanmu.