Guɗa ko shewa, wanne ya dace in an yi nasara?

Ana ta tambayata wai in abin murna ya samu, kamar a ce ɗa ya sauke Alƙur'ani ko an ci zaɓe, guɗa za a rangaɗa ko shewa za a saka? Gaskiya ba ɗaya ba ne.

Guɗa dai ta mata ce tun kaka da kakanni, a kama hanci a kaɗa harshe ayyiriri, ita ake yi ranar kai amarya da ranar suna, har a fada akwai maguɗiya mai yi wa sarki, kuma ba kowace mace ta iya ba sai mai dogon numfashi. Shewa kam ba wuya, ahayye ne da tafa hannu da dariya, kowa ya iya.

Amma fa shewa akwai haɗari, don sau da yawa da habaici take tafe, ki yi ta a gidan da ke da kishiya ki ga yadda murna ke komawa faɗa. Guɗa ba ta tsokanar kowa, sai dai wasu malamai ba sa son mace ta ɗaga murya haka.

In taron dangi ne da manya a wurin, guɗa ta fi. In ku ƙawaye ne zalla a ɗaki, to ku sha shewarku.