Filtar ruwa mai kyandir: abin da take iyawa da inda take gazawa ranar da famfo ya ɗauke

Filtar da ake magana a kai ita ce mai tukunya biyu, ɗaya bisa ɗaya, wadda ba ta cin wuta ba ta buƙatar a haɗa ta da famfon gida. Ana zuba ruwa a ta sama, nauyinsa ya tura shi ta jikin kyandir, ya riƙa ɗiga cikin ta ƙasa. Akwai ta roba, akwai ta silba mai cin lita 8 zuwa 12. Ta silbar ta fi cancanta a kashe mata kuɗi, don robar kan tsage a gindin ɗan famfon da ake ɗibar ruwa ta cikinsa, kuma idan haske yana ratsa ta gansakuka ba ta daɗewa ta fito.

Kyandir ɗin shi ne komai. Farar ƙasa ce gasasshiya mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Na kamfanin Doulton na Ingila yana tare kusan duk abin da ya kai maikuron 0.9 (maikuron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), na Katadyn na Suwizalan kuwa 0.2. Ƙwayar kwalara da ta taifod sun kai maikuron ɗaya ko fiye a tsawo, ƙwayayen tsutsar ciki sun fi haka girma nesa ba kusa ba, saboda haka kyandir mai kyau yana tare su. Masu tsadar ana cakuɗa su da azurfa don kada ƙwayoyin cuta su yi gida a jikinsu, a cika cikinsu da gawayi mai ɗauke wari da ɗanɗanon kulorin. Na kasuwa marasa suna kuwa, wasu laka kawai suke tarewa. Ruwan zai fito garau, amma garau ba shi ne tsarki ba.

Inda take gazawa, a faɗa tun da wuri. Ƙwayoyin bairos, irin masu kawo ciwon hanta na A da E, ba su kai kashi ɗaya cikin goma na maikuron ba, suna iya wucewa. Gishiri ma yana wucewa, haka dalma da takin zamani da suka narke a ruwa, sai in an sayi kyandir na musamman da aka yi don su. Wannan ya sa a lokaci irin na ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwan masai ya haɗu da na rijiyoyi, filta ita kaɗai ba ta isa ba. A tace, sannan a tafasa har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin kulorin irin su WaterGuard ko Aquatabs bisa ma'aunin da ke jikin kwalin, a jira minti 30. Kulorin ɗin bayan tacewa ake sa shi. Wanda ya sa kafin tacewa, gawayin zai shanye shi, ruwan ya sauka ƙasa babu abin da ke tsaronsa.

Sai saurin aiki, wanda a nan mutane suka fi jin an cuce su. Sabon kyandir a tukunya cike yana ba da kamar lita ɗaya a awa, kuma yana raguwa yayin da ruwan ke sauka, domin nauyin ruwan ne ke turawa. Gida mai mutum takwas, ko da lita 3 kowa zai sha a yini, ana neman lita 24 kafin a zo batun girki. Kyandir biyu za su sha wuya kafin su kai nan. In tukunyar tana da huda huɗu, a cike su duka, a riƙa ƙara ruwa kafin ya yi ƙasa, a kuma cika ta kafin a kwanta. Amma a leƙa ta ƙasa tukuna: in tana cike aka ƙara a sama, da asuba za a tarar da ruwa ya bi mahaɗar tukwanen ya malale ɗaki.

Ruwa mai laka yana toshe kyandir cikin yini ɗaya. A bar shi ya kwana a bokiti, ko a jefa ɗan alimun, ko garin ƙwayar zogale kamar ƙwaya ɗaya a lita, a juya a bari ya kwanta. A tsiyaye na sama ta cikin tsaftataccen ƙyalle ninki huɗu, shi za a zuba.

Wajen haɗawa ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne haɗari, kuma ba ya nuna kansa. Kowane kyandir yana da wuya mai zare, da zoben roba, da noti. Zoben robar a cikin tukunyar sama yake zama, tsakanin gindin kyandir da ƙarfen, notin kuma daga ƙasa. In aka juya, ko aka bar noti sako-sako, ɗanyen ruwa zai riƙa zurara ta gefen huda ya haɗu da tacacce, mai gida yana murna filtarsa na da sauri. Da hannu ake ɗaurewa har ya kama, ba da filaya ba, don zaren roba ne, yana cinyewa. Hudar da ba a sa mata kyandir ba a toshe ta da murfinta, a ɗaure shi daidai yadda aka ɗaure sauran. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗora tukunyar sama a kan kofuna, kowane wuya a saitin kofinsa, a cika ta, a tsaya a duba. Ɗigo ya fito ta bakin wuya kaɗai. Wanda kofinsa ya cika da wuri fiye da saura, ko ya tsage ko zobensa bai zauna ba. Ruwan cikawa biyu na farko a zubar, yana ɗauke da ƙurar ƙasa da ta gawayi.

Idan ɗigon ya yi sanyi, lokacin wanki ya yi. A wanke hannu, a cire kyandir, a riƙe shi wuyansa a sama don kada dattin ya shiga ciki, a goge jikinsa da sabon koren soso a ruwa mai tsafta har launin ƙasa-ƙasan nan ya tafi farin ya dawo. Ba sabulu, ba Omo, ba soson ƙarfe. Sabulu yana shiga ƙofofin ya zauna, sai an yi kwanaki ana jin sa a baki. Kowace guga tana cin ɗan jikin kyandir, don haka kada a mai da abin na kullum. Mai gawayi a ciki ba a dafa shi. Wanda ya faɗi ƙasa kuwa, ko ba a ga tsaga ba, a sake gwada shi a kofi kafin a yarda da shi. Gawayin kan gaji tsakanin wata 6 zuwa shekara, tun jikin kyandir yana da sauran kauri, kuma dawowar wari ko ɗanɗano ita ce alama.

Tukunyar ƙasa da famfonta su ne aka fi mantawa, alhali a nan ruwan sha yake kwana. Duk mako a wanke ta, a ɗauraye da ruwan da aka ɗiga wa Hypo ko Jik, a bar kaɗan ya bi ta famfon, sannan a ɗauraye da tacaccen ruwa. Ba a tsane ta da tsumman kicin. Da zafi ruwan cikin silba yana ɗumi, dole mutane su so juye shi a randa. Ba laifi, amma randar da kowa ke tsoma moɗa a ciki ta rushe aikin gaba ɗaya. Jarka mai ƙaramin baki da murfi ta fi.

Wanda ya saya don ajiya kawai, kada ya bar ta a kwali sai ranar tsiya. A haɗa, a gwada, a yi mako ana sha, sannan a cire kyandir a shanya shi a inuwa kwana uku ko huɗu har ya bushe ƙarau. In aka ƙulle shi a leda da danshi, funfuna za a tarar. A naɗe kowanne da tawul, a haɗa da kyandir biyu na safaya, da zoben roba, da famfo guda, don famfon ne kan fara yoyo tun kafin komai ya lalace, kuma ba kowane shago ke da mai zaren da ya dace da hudar ba.