Abin rufe kunnen jarirai, yadda na same shi bayan tafiya 3 da ƙungiyar mawaƙa

Salama gare ku 'yan'uwa. Tun ranar da anka ga ɗiyata da wani abu kamar hedifon a kunne cikin sujada mata ke ta tare ni bakin coci, mi ne ne wanga, ina kika samo shi, yana aiki kuwa ko ado ne, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya gani.

Ni ke jan waƙa a ƙungiyar mawaƙan ikilisiyarmu nan Sakkwato, kuma duk mai jan waƙa ya san inda ake tsayawa, ganga na bayanka sifika na gefenka ga janareta na ruri bayan taga. Da na haihu na huta wata 3, da na koma dole sai da ita a baya don nono zalla take sha, a asibiti sun ce har wata 6 ko ruwa kar a ba ta, to wa zan bar ma ita? Lahadin farko mai ganga na bugawa na ji ta zabura ta ƙanƙame ni, ban ƙarasa waƙar da natsuwa ba gaskiya. Wata nas da muke Zumuntar Mata tare ta ja ni gefe ta ce ƙara mai ƙarfi tana kashe wasu 'yan gashi-gashi da ke can cikin kunne, kuma in sun mutu ba su sake tsirowa. Ita ta nuna mini ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, da desibel ake auna ƙarfin ƙara, iyakar babba desibel 80 na awa 40 a mako, yaro 75, kuma duk ƙarin desibel 3 lokacin rabewa yake biyu. Munka gwada da wayarta inda nake tsayawa, ya haura 90.

Na zaga shagunan kayan jarirai neman abin rufe mata kunne ban samu ba, sai a intanet na saya anka ɗoro mini shi mota daga Legas na je tasha na karɓa. Mai sayarwa ya ce kwana 4, sai da ya yi kusan mako 2 ina kira ba ya ɗauka, wannan ya ɓata mini rai ƙwarai. Kuɗinsa kuma ba kaɗan ba ne, sai da maigida ya cika mini.

Abin dai kofuna 2 ne na roba da soso mai laushi ciki, ba batir ba caji, ba ya kiɗa. Iri biyu ne kuma don Allah ku lura da nan. Akwai mai tauri da ke hawa tsakar kai kamar na manya, wannan kan maɗiga yake zama, maɗigar jariri kuwa sai wajen wata 18 take rufewa. Nawa mai ɗamara ne mai talewa da ke zagaye kai ta goshi da ƙeya, ana ƙara shi ana rage shi da abin maƙalewa.

Tafiyar farko Birnin Kebbi ce, yini ɗaya, ba wani labari, ta yi barcinta muna yabo. Inda na san amfaninsa shi ne Zuru cikin Disamba, taron kwana 3. Mun tashi da asuba ta Bodinga, Tambuwal, Jega, munka tsaya Koko na ba ta nono na canza mata kunzugu, sai yamma munka isa a gajiye, kuma daren nan anka fara. Sifiku manya-manya an jera su gaban rumfa, ƙungiyoyi na hawa suna sauka, mu sai wajen ƙarfe 10 anka kira mu. Na sa mata abin, na goya ta, na ja waƙa 4 daga Littafin Waƙoƙi da tamu guda ba ta ko motsa ba, ina jin numfashinta a bayana. Na yi kuka a waƙar ƙarshe, don tun da na haihu ban yi yabo da dukan zuciyata ba sai ranar. Sanyin hunturu ma sai abin ya zame mata kamar hula.

Wata dattijuwa ta ce mini ɗiyata, za ki hana yarinya jin yabon Ubangiji? Na rusuna na ce Mama tana ji, rage ƙarar kawai yake yi. Kuma haka ne, in tana farke masu tulu da caki na bugawa za ka ga tana harba ƙafa, in na kira sunanta kusa tana waigowa.

To amma fa ba a yi shi don zafin ƙasarmu ba. Cikin Afrilu munka je Yauri, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 nan Sakkwato, minti 20 bai cika ba zufa ta taru cikin kofunan, washegari ƙuraje sun feso bayan kunnenta duka biyu. Tun daga nan sai za mu hau nake sa mata, muna sauka in fita da ita waje in cire in share da tsumma mai sanyi. Cikin mota ba na sa mata sam, ko muna waƙa ba sifika ba ganga, kuma zafin motar ya ishe ta.

Na biyu goyo. Jariri a baya kunci yake kwantarwa, tana juya kai sai kofi ɗaya ya goce kunnen ya fito, ni kuma ba na gani, ina can ina waƙa na ɗauka a rufe yake. Yanzu wata 'yar'uwa mai bin waƙa ke tsayawa daidai bayana tana gyarawa, Allah ya saka mata. Kuma kar ki kwantar da yaro da shi ki tafi, na taɓa ganin ɗamarar ta zamo har kan hancinta.

Abin maƙalewar na kama ƙura da gashi, bayan hunturu ya rage riƙo sai da na tsefe shi da allura. Ba jaka ya zo da ita ba, cikin safa nake ajiye shi.

Ga mai hidima gaban sifika ina cewa ki saya, mai ɗamara, ki auna kan yaron da tef kafin ki tura kuɗi. Wadda ke zama baya-baya cikin jama'a ba lallai ba ne, ta nisanci sifika ya isa. Ni kaina na roƙi yaron da ke kula da na'ura ya juya sifikar gefena ta kalli jama'a, shugaban mawaƙa ya yarda na koma tsayawa ɗaya ɓangaren nesa da ganga. Yanzu watanta 9 ta fara kai hannu tana fizge shi, sai na ɗora hula mara kauri a kai kafin ta bar shi.