Kafin ka sayi salansar bindigar hannu

Salansa, wato na'urar da ake ɗaurawa a bakin bindiga, ba ta kashe ƙarar bindiga, rage ta take yi. Bindigar hannu mai harsashi 9mm (awon kaurin harsashin ke nan) tana kai desibel 160 a ma'aunin ƙarfin sauti, salansa mai kyau kuma ta zaftare 20 zuwa 35. Ƙarar da ta saura ma ta isa ta dami kunne. Haka kuma a fara da doka: wasu ƙasashe sun haramta ta ɗungurungum, a Amurka kuwa sai an yi mata rajista ƙarƙashin dokar bindigogi ta 1934.

Sai bututun bindigar. Dole ya kasance mai haƙoran murɗawa a baki, kuma su dace da na salansar. Awon haƙoran na 9mm galibi 1/2x28 ne, amma bindigogin Turai da yawa M13.5x1 suke zuwa da shi, wanda hagu ake murɗa shi. Na .45, harsashin da ya fi 9mm kauri, kuwa .578x28. Idan salansa ta zauna a karkace, harsashi zai daki faya-fayan cikinta, shi ke nan an yi asara.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne busta, wani sashe da ke haɗa salansa da bututu. A yawancin bindigogi irin Glock, bututu yana ja baya ya ɗan sunkuya bayan kowane harbi. Ka rataya masa nauyi a baki, sai ya kasa, kwanso ya maƙale. Busta fistin ne da sifirin da ke sauke wa bututu nauyin na ɗan ƙiftawar ido. Mai kafaffen bututu, kamar yawancin bindigogi masu ƙaramin harsashi .22, ba ta buƙatarsa. Zoben da ke hana motsi ake sa wa salansar a madadin sifirin.

Salansar .45 tana ɗaukar 9mm, ko da yake ta fi girma da nauyi. Ta 9mm a kan .45 kuwa, kul!

Sai ƙarfen da aka ƙera salansar da shi. Alminiyam ba nauyi amma yana saurin cinyewa. Ƙarfe mara tsatsa ya fi ƙarko, sai dai yana rinjayar bakin bindiga. Titaniyam ya haɗa biyun, kuɗinsa ne matsala. Ga .22, wadda ake iya kwancewa kaɗai za ka saya, domin dalma da toka suna cushe ta.

Harsashi ma da nasa. Duk wanda ya wuce gudun sauti, kusan mita 343 a daƙiƙa, yana yin tasa tsawar da salansa ba ta iya komai a kai. Shi ya sa a 9mm ake zaɓar mai nauyin giren 147 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) maimakon 115, domin mai nauyin bai kai gudun sauti ba. Kaurin salansa kuma yakan tare abin saiti, sai an sauya shi da mai tsayi.